Poyin a lasisi da kuɗin inshorar mota a Birtaniya: tambayoyin da mutanenmu suka fi yi

Waɗannan tambayoyi ne da kullum suke dawowa a bakin 'yan uwa mazauna Birtaniya, musamman waɗanda suka zo karatu ko aikin kula da tsofaffi suka sayi 'yar mota don zirga-zirga, sai wata safiya ga wasiƙar 'yan sanda a ƙofa. Bayanin ya fi tsayawa kan dokar Ingila da Wales, Sikotilan da Arewacin Ailan suna da ɗan bambanci a wasu wurare.

1. Wai menene poyin ɗin nan, kuma wa yake sa wa mutum?

Maki ne na laifin tuƙi da ake rubutawa a kan bayanan lasisinka a wajen DVLA, hukumar lasisi da ke Swansea. Hanya biyu yake shigowa, ko dai ka karɓi tarar da 'yan sanda suka yanka maka ka biya, ko kotun majistare ta same ka da laifi. Kowane laifi da lambarsa da yawan poyin ɗinsa, misali gudun wuce ƙa'ida mafi ƙaranci tarar fam 100 ce da poyin 3. A jikin katin lasisin ba za ka ga komai ba, tun watan Yuni 2015 aka daina amfani da takardar da ake rubuta su a kai, yanzu komai a kwamfuta yake. In kana son ganin naka ka shiga shafin gov.uk da lambar lasisi da lambar NI (National Insurance, wadda ake aiki da ita) da lambar unguwarku, kyauta ne.

2. To me ya haɗa poyin da inshora? A gida ai ba ruwan mai inshora da tuƙina

Gaskiya ne, a Najeriya yawancinmu inshorar nan ta nuna wa jami'ai a hanya muka sani, wadda farashinta ɗaya ne ga kowa, tun Janairun 2023 naira dubu 15 ce ga motar gida, ko kai wane irin direba ne. Nan kuwa ba motar kaɗai ake wa inshora ba, har da kai mai riƙe da sitiyarin. Kamfani yana duba shekarunka, unguwar da motar take kwana, aikinka, shekara nawa da samun lasisinka, irin motar, sannan ya ƙiyasta yiwuwar ka jawo musu biyan diyya. Poyin a wajensu shaida ce cewa an taɓa kama ka ka karya doka a hanya, saboda haka sai su sa ka a sahun waɗanda suka fi kusa da yin haɗari. Ba hukunci suke ƙara maka ba, lissafin kasuwa ne kawai, shi ya sa ma ba wani amfani a yi ta yi wa yarinyar da ta ɗaga waya bayanin cewa ranar sauri kake za ka ɗauko yara a makaranta.

3. Poyin uku na samu, nawa za su ƙara min?

Ba wata doka da ta yanka adadi, kowane kamfani da ma'auninsa, kuma ba sa bayyana shi. Mutum biyu masu poyin uku iri ɗaya, ɗaya ɗan shekara 45 da ya daɗe yana tuƙi ba matsala, ɗaya ɗan 22 da ya ci jarrabawa bara, ƙarin da za su gani ba zai zo ɗaya ba ko kusa. Abin da aka saba gani dai, poyin uku na gudu guda ɗaya tal ƙarin yana da sauƙi, wani kamfanin ma da ƙyar za ka lura. Daga shida zuwa sama ne abin yake fara cizo, in ka kai tara kuwa wasu kamfanonin ba ma za su ba ka farashi ba sam.

Wannan na ƙarshen shi ne mutane ba sa lura da shi. Ba wai kawai kamfaninka ya ƙara kuɗi ba, a'a, masu araha ne suke janyewa ɗaya bayan ɗaya har ya rage sai masu tsada, sai ka ga farashin ya yi tsalle.

4. Kenan yawan poyin ne kawai ake dubawa?

A'a, lambar laifin ta fi yawan poyin ɗin nauyi sau da yawa. SP30 gudu ne a titin gari, SP50 gudu a motowe, duka poyin 3 zuwa 6. TS10 tsallake danja, poyin 3. CU30 taya mara kyau, poyin 3. Waɗannan su ne ƙananan. CU80 shi ne riƙe waya kana tuƙi, tun Maris 2017 ya koma poyin 6 da tarar fam 200, a 2022 kuma aka ƙara tsaurara shi ta yadda ko hoto ka ɗauka ko ka taɓa ta don canza karatu ko waƙa alhali tana hannunka ka shiga, ko da a tsaye kake a danja. CD10 tuƙin ganganci, poyin 3 zuwa 9.

Sai waɗanda kamfanonin inshora suka fi ƙyama: IN10 wato tuƙi ba inshora, poyin 6 zuwa 8, da MS90 ƙin faɗin wanda ke tuƙa motar lokacin laifi, poyin 6, da DR10 da DG10 na tuƙi cikin maye, giya ko ƙwaya, waɗanda suke zuwa da hana tuƙi na aƙalla shekara guda. Mai SP30 biyu da mai IN10 ɗaya duk poyin shida gare su, amma na biyun zai fi shan wuya nesa ba kusa ba. Kuma abin takaici IN10 da MS90 su ne suka fi kama mutanenmu ba tare da sun yi niyyar laifi ba, duba tambaya ta 10 da ta 12.

5. Shekara nawa poyin yake yi kafin ya fita? Wani ya ce uku, wani ya ce huɗu, wani biyar

Dukkansu sun faɗi gaskiya, abin da kowa yake ƙirgawa ne daban. Shekara 3 ita ce wadda kotu take haɗa poyin ɗinka a ciki don ganin ko ka kai 12. Shekara 4 ita ce wadda yawancin laifuka suke zama a bayanan DVLA, daga ranar da aka yi laifin. Shekara 5 kuma ita ce wadda kamfanonin inshora suke tambaya a kai, saboda a dokar 1974 ta wanke masu laifi sai bayan shekara biyar ake ɗaukar laifin tuƙin wanda ya kai shekara 18 ya shuɗe.

To a nan ne ake faɗawa rami. Mutum ya shiga gov.uk ya ga lasisinsa fes, shekara huɗu ta cika, sai ya je cike fom ɗin inshora ya danna babu, alhali tambayar cewa ta yi a cikin shekara biyar da suka wuce. Wannan shekarar ta biyar dole ka faɗa ko da DVLA ta goge. Laifin maye kuma irin DR10 shekara 11 yake zama a lasisi daga ranar hukunci.

6. In na yi shiru wa zai sani?

Su. Kamfanoni da yawa suna karɓar lambar lasisinka su duba kai tsaye a wajen DVLA ta wani tsari da ake kira MyLicence, wasu kuma bayan ka biya sai su ce ka turo musu lambar dubawa da ake cirowa a gov.uk, wadda take aiki na kwana 21. Waɗanda ba su duba da farko ba kuwa za su duba ranar da ka fi buƙatarsu, wato ranar da aka yi haɗari ka zo neman diyya.

Dokar 2012 ta masu sayen inshora ta raba abin gida biyu. In sakaci ne, ka manta ko ka yi kuskuren ƙirga shekara, kamfani zai iya biyanka daidai gwargwadon abin da ka biya, misali ka biya fam 800 alhali da ka faɗi gaskiya 1,000 za su caje ka, sai su ba ka kashi 80 cikin ɗari na diyyar, in kuma da ma ba za su karɓe ka ba da sun sani, za su iya rushe inshorar su mayar maka da kuɗinka. In kuwa suka gano da gangan ka ɓoye, za su rushe ta kamar ba a taɓa yi ba, su riƙe kuɗin, su ƙi gyara motarka, kuma abin da suka biya wanda ka buge za su iya biyo ka da shi.

Mafi muni, kusan kowane fom yana tambaya ko an taɓa soke maka inshora, kuma yawanci wannan tambayar ba ta da iyakar shekara biyar. Poyin yana fita da kansa, wannan ba ya fita. A ganina duk wanda ya ɓoye poyin uku don tsira da 'yan fam kaɗan ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

7. Na samu poyin a tsakiyar shekara, sai na kira su yanzu?

Yawancin kamfanoni sai lokacin sabuntawa suke so ka faɗa, amma ka buɗe takardar sharuɗɗanka ka karanta don akwai masu cewa a sanar da su nan take. In an hana ka tuƙi ne kuwa ba jira, ka faɗa. Sannan a kula da sabuntawar nan da take yin kanta da kanta ana cire kuɗi daga asusu, in ta sabunta a kan tsohon bayani ba ka gyara ba, kai ne ka ba da bayanin da ba daidai ba, ka koma tambaya ta 6 kenan.

8. Tikitin fakin, shiga layin bas, ULEZ (kuɗin da ake cajin motoci masu gurɓata iska a Landan), su ma poyin ne?

Ba poyin a ciki. Tarar ƙaramar hukuma ce ko ta TfL, hukumar sufurin Landan, ko ta kamfanin fakin, ba ta zuwa lasisi kuma ba ruwan inshora da ita. Ka biya da wuri dai kafin ta ƙaru.

9. Sun ba ni zaɓin zuwa kos maimakon poyin, in je?

Je ki, 'yar uwa, ko ɗan uwa, kar ma a tsaya shawara. Kos ɗin wayar da kai kan gudu na 'yan awoyi ne, ana yinsa ta intanet ko a aji, kuɗinsa kusan daidai da tarar, kuma ba poyin ba hukunci. Ba kowa ake ba ba, sai wanda gudunsa bai wuce iyaka da yawa ba kuma bai yi irin kos ɗin ba a shekara 3 da suka wuce. Game da inshora, tunda ba hukunci ba ne ba sai ka ambata ba in ba a tambaya ba, amma akwai kamfanonin da suke tambaya a fili ko ka je kos, in aka tambaya sai a faɗa.

10. Ina da inshora fa, amma suka rubuta min IN10, ta yaya?

Wannan ita ce ta fi cin mutanenmu. Inshora a nan tana da aji-aji na amfani. Akwai ta yawon gida da ziyara kawai, akwai wadda ta haɗa da zuwa wurin aiki guda ɗaya, akwai ta harkar aiki, akwai kuma ta ɗaukar kaya ko mutane don kuɗi. Wanda ya ɗauki ta gida saboda ta fi araha sannan da yamma ya kunna Uber Eats ko Deliveroo yana kai abinci, a idon doka ba shi da inshora a wannan tafiyar. Haka mai aikin kula da tsofaffi da take bi gida-gida da motarta, wannan harkar aiki ce, ba zuwa wurin aiki ba ce, kuma sau da yawa ƙara wannan ajin ba shi da wani tsada in aka kwatanta da abin da zai biyo baya.

Sai aron mota, wanda mu a wajenmu ba komai ba ne, ka karɓi makulli a hannun aboki ka je kasuwa ka dawo. Nan inshorar motar abokinka ba ta rufe ka sai in sunanka yana ciki, taka ma ba lallai ta ba ka damar tuƙa motar wani ba ko da cikakkiya ce, sai an rubuta haka a takardar. Shi mai motar da ya ba ka ma yana iya samun nasa poyin ɗin. Akwai kuma wanda kuɗin wata ya ƙi fita daga asusunsa aka soke inshorar bai duba saƙo ba, da wanda ya sayi inshorar bogi a hannun dillalan WhatsApp masu farashin banza.

'Yan sanda suna da kamarori masu karanta lambar mota su duba rumbun inshora nan take. Tarar fam 300 ce da poyin 6, za su iya ɗauke motar a wurin, in ta je kotu kuma tarar ba ta da iyaka.

11. Da lasisin Najeriya nake tuƙi, ko kuma ban daɗe da cin jarrabawar nan ba, ya abin yake?

Lasisin Najeriya yana yi maka aiki na wata 12 ne daga lokacin da ka zama mazaunin ƙasar, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa, dole ka nemi lasisin koyo ka ci tiyori ka ci ta tuƙi. In wata 12 ta wuce ka ci gaba da tuƙi da shi laifi ne mai lamba LC20, poyin 3 zuwa 6, ga kuma rigima da kamfanin inshora. Kuma kar ka ɗauka don lasisinka na waje ne poyin ba ya kama ka, DVLA tana buɗe maka fayil ta ajiye su, za ka tarar da su ranar da ka karɓi na nan.

Bayan ka ci jarrabawa kuma akwai dokar sabbin direbobi ta 1995: in poyin ɗinka ya kai 6 a cikin shekara 2 na farko, an soke lasisin, ka koma lasisin koyo ka sake jarrabawa biyun. Ko ka shekara ashirin kana tuƙi tsakanin Kano da Kaduna, a nan sabon direba ne kai. Ka lura riƙe waya sau ɗaya tal ko IN10 ɗaya ya isa. Poyin ɗin kuma ba sa gogewa don ka sake cin jarrabawa, suna nan, inshora za ta gan su.

12. Na tashi daga gida, wasiƙar ta je tsohon adireshi, sai ji na yi an yi min hukunci

In kamara ta kama mota, ana aika wasiƙa ga wanda sunansa yake kan takardar motar, V5C, cikin kwana 14, shi kuma yana da kwana 28 ya faɗi wanda ke tuƙi. In ba a ji daga gare ka ba sai a kai ka kotu kan ƙin ba da bayani, MS90 kenan, poyin 6 da tara mai nauyi, a kan laifin da da fam 100 da poyin 3 ko ma kos zai kashe shi. Mu da muke yawan canza gidan haya, a riƙa gyara adireshi a wuri uku, lasisi da V5C da inshora, gyara ɗaya ba ya gyara sauran. In an riga an yi hukuncin ba ka san da shari'ar ba, akwai hanyar rantsuwa a gaban kotu cewa ba ka sani ba don a sake ta daga farko, amma lokacinta gajere ne, kwana 21 daga ranar da ka sani, ka nemi lauya da wuri.

13. Maigidana yana da poyin tara, ni ba ni da ko ɗaya. In sa inshorar da sunana, ko in ce ni ce na yi gudun?

Hajiya, biyun duk kar ki yi. Duk wanda aka sa sunansa a inshora sai an faɗi poyin ɗinsa, ko shi ne direba na biyu. In kuma shi ne yake fita da motar kullum aka rubuta ke ce babbar direba don farashi ya sauko, zamba ce a wajensu kuma sakamakonta na tambaya ta 6 ne. In da gaske ke kika fi tuƙa ta, to ba laifi ki zama ta farko.

Ɗaukar wa wani poyin kuwa ya wuce maganar inshora, karkatar da shari'a ne kuma ana ɗaure mutane a kai. A 2013 an yanke wa Chris Huhne, tsohon ministan makamashi, da tsohuwar matarsa wata takwas-takwas a gidan yari saboda ta karɓi poyin ɗin gudunsa shekara goma kafin nan.

14. In na kai 12 fa?

Kotu za ta kira ka, kuma abin da aka saba shi ne hana tuƙi na wata 6, sai a rubuta maka lambar TT99 a lasisi. Ana iya roƙon kotu cewa hanin zai jawo wahala ta musamman, musamman ga wasu da suka dogara da kai kamar mara lafiya ko ma'aikata, amma rasa aiki kaɗai ba lallai ya wadatar ba, kuma ba za ka sake kawo hujja iri ɗaya ba cikin shekara 3. Ko an bar ka ka ci gaba da tuƙi poyin ɗin suna nan, sai ka nemi dillalan da suka ƙware kan masu irin wannan tarihi, ƙungiyar dillalan inshora BIBA tana taimakawa wajen nemo su.

15. Ragin da nake samu na shekarun da ban nemi diyya ba, poyin zai cinye shi?

A'a, wannan neman diyya ne yake taɓa shi, ba poyin ba. Sai dai ragin kaso ne da ake cirewa daga farashi, in farashin ya hau to abin da za ka biya ya hau ko ragin yana nan daram.

16. To ya zan yi in rage kuɗin tunda poyin ɗin ya riga ya shiga?

Na farko kar ka bari ta sabunta da kanta. Ka shiga shafukan kwatanta farashi irin su Confused.com da Compare the Market da MoneySuperMarket makonni kaɗan kafin ta ƙare, ka sa lambar laifin da ranar daidai, don kamfanin da ya tsani SP30 daban, wanda bai damu ba daban. Motoci an kasa su rukuni 1 zuwa 50, in kana da poyin ba lokacin sayen mai babban inji ba ne. Baƙin akwatin nan da ake maƙalawa yana lura da tuƙinka yana taimakon matasa da sabbin direbobi, amma mai aikin dare ya karanta sharuɗɗan tukuna don wasu suna rage maki kan tuƙin tsakar dare. Za ka iya ƙara kason da kai za ka fara biya in an yi haɗari, muddin kana da kuɗin a hannu. Biyan shekara gaba ɗaya ma ya fi na wata-wata sauƙi saboda na watan bashi ne mai ruwa, wanda da ma da yawanmu ba ma so. Kuma duk shekara ka sake dubawa, poyin ɗin shekara huɗu baya ba ya nauyi kamar na watan jiya.

17. Sun soke min inshora ko sun ƙi biya, kuma ina ganin ba su kyauta ba

Ka rubuta musu ƙorafi a rubuce, suna da mako 8 su ba ka amsar ƙarshe. In ba ta gamsar da kai ba ka kai ƙara wajen Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sauraren ƙorafi kan kamfanonin kuɗi da inshora, cikin wata 6, kyauta ne ba sai da lauya ba. Abin da za su duba shi ne yadda aka yi maka tambayar da yadda ka amsa, shi ya sa yana da kyau ka ajiye takardar bayanan da ka cike ranar da ka saya.

18. Poyin zai taɓa min takardun zama ko neman zama ɗan ƙasa?

Tarar da ka karɓa ka biya ba tare da zuwa kotu ba ba a ɗaukarta hukuncin kotu, amma duk abin da ya kai gaban majistare, irin IN10 ko MS90 da aka yanke a kotu ko tuƙi cikin maye, hukunci ne kuma fom ɗin Home Office, ma'aikatar cikin gida, yana tambaya a kai. Ka rubuta duk abin da aka tambaya, in laifukan sun taru ko akwai hana tuƙi a ciki ka ga lauyan shige da fice kafin ka tura takardun.